Ƙwaryar Da Ta Dawo Cike

Shekaranjiya aka gama buga kwano a kan ɗakina. Jikokina ne suka haɗa kai suka yi, wai don kada soron ya rufto mini da damina, kuma na gode, Allah ya yi musu albarka. Amma tun da aka buga shi na rasa inda zan sa kaina da rana. Hantsi na ɗagawa kwanon zai fara ƙas-ƙas kamar ana taɓa shi, kafin azahar ɗaki ya koma tanderu. Na kira babban jikan nawa, wanda ya fi kowa rawar ƙafa a kan aikin, na ce, "Zo nan, gaya mini tsakaninka da Allah, mai sayar da kwanon nan abokinka ne ko?" Ya tuntsire da dariya ya ce, "Haba Hajiya, ke dai kowa sai kin zarge shi." Na ce ƙwarai kuwa, na zarga. Ai ni ma koya mini aka yi.

Ba yau aka fara zafi a Birnin Zazzau ba, kada wani ya ruɗe ku. Bazarar da muka sani muna 'yammata, in rana ta take, ƙasar tsakar gida ba ta takuwa da ƙafa tsirara. Gari ya yi tsit, ba ka jin komai sai kukan kurciya a kan rimi, da ƙarar guga tana bugun gefen rijiya don ruwa ya yi nisa, da wata can a bayan katanga tana daka tana hutawa. Sai dai a lokacin akwai inda mutum zai gudu. Ɗakin soro da rana sanyi gare shi kamar cikin randa, kowane lungu na unguwarmu Kusfa da itacensa, kowane zaure da randarsa a kan yashi mai laima, da moɗa a kife a kan murfi. Baƙo ya yi sallama ya sha ya wuce, ba wanda zai tambaye shi ɗan gidan wane ne. Yanzu an sare itatuwan an yi shaguna, an shafe ƙasa da siminti, ruwan ma an ɗaure shi a leda. Ni fa ban yarda da ruwan ledar nan ba. Wa ya ga inda aka ɗura shi? Ya yini a bayan mota rana na dukansa, a miƙo maka shi da ɗumi kamar na wankan jego. Kuma yaro ya dawo daga tallar rana kansa na sarawa, maimakon a zaunar da shi a inuwa a ba shi ruwa, sai a ruga kemis, mai kemis kuwa bai san wata cuta ba a duniya sai taifot da maleriya, don su ne ke da allura.

A gidanmu kakata ce mai lura da irin wannan, uwar mahaifina, Iya muke ce mata. Da ƙuruciyarta ta bi mijinta fatauci arewa mai nisa, inda ake kwana da yini ba a ga rijiya ba, kuma ta ga abin da rana ke yi wa mutum. Da bazara ta shigo ba ta barin kowa ya fita bai sha ba. Ka ce ba ka jin ƙishi, ta ce, "Ƙishi makararre ne, sai ɓarna ta yi nisa yake zuwa. Sha, da ruwan ciki ake jan na rijiya." Takan kama leɓen yaro ta duba, ta tsunkuli fatar bayan hannunsa ta ga ko za ta koma da sauri. Har bayan ɗaki takan bi ƙananan yara ta ga kalar fitsarinsu, in ya yi ja kuma ɗan kaɗan ne, ranar ba su ba wasan waje. Mu muna dariya muna cewa Iya ta cika sa ido. Abin da ta fi maimaitawa shi ne, "Mai gumi ba ya ba ni tsoro. Wanda gumi ya ɗauke wa yana cikin rana, shi nake tsoro."

To amma kada ku ji ina yabon da, ku ɗauka zukatan mutanen da wankakku ne. Wallahi a'a. Randar zaure ta baƙo ce mai wucewa, wanda ba ruwansa da kai. Wanda kuka haɗa wata hulɗa da shi kuwa, na neman aure ko na gado ko na iyakar gona, wannan sai ya yi ta kallon abin da ka miƙa masa. Mutum ba ya faɗuwa haka kawai, sai an ce jifa ne. Namiji ba ya son mace haka kawai, sai an ce ta ba shi a fura. Ita kanta Iya, saboda ta yi tafiya ta san 'yan saiwoyi, akwai masu gaishe ta da ladabi da safe, da yamma su ce tsohuwar nan ba haka ta bar kanta ba.

A irin wannan zamani aka sa mini rana da wani saurayi mai ɗinkin hannu, gidansu na can ƙarshen unguwa. Ina sonsa yana sona, ba abin ɓoyewa, na tsufa da jin kunyar faɗa. Siriri ne, mai sanyin magana, aikinsa a zaure yake yini yana zuba adon aska a wuyan riga, rana ba ta san bayansa ba. Shi kaɗai ya rage wa uwarsa. Ta haifi da yawa ta binne, mijin ma ya rasu, ta rene shi da kuɗin daddawa. Saboda haka ko ƙuda ya sauka a kansa sai ta tambayi wanda ya aiko shi. Tun da aka fara maganar aurenmu ba ta taɓa shan ruwa a gidanmu ba. In ta zo aka kawo mata, sai ta taɓa moɗar da leɓe ta ajiye, ta ce Alhamdu lillahi.

Ƙarshen bazara lokacin yaɓe ne. Kafin ruwan farko kowane gida sai an hau soro an toshe tsaga, an gyara bakin indararo, an shafe da makuba. Aikin gayya ne, yau gidan wannan gobe gidan wancan, kuma saurayin da aka ba mata a gida ba ya jiran a kira shi, da kansa yake zuwa ya nuna shi ɗa ne. Ranar namu tun da sassafe ya iso. Sauran maza duk sun tuɓe, daga su sai gajeren wando, wasu na kwaɓa ƙasa da ƙafa, wasu na curawa suna jefawa sama. Shi kuwa ina zai tuɓe a gaban surukinsa? Da rigarsa ta saƙi mai kauri ya hau, har da hula. Da yake shi ne yaro a cikinsu, aka sa shi can bisa yana cafe curin ƙasa, inda babu ko inuwar tsuntsu.

Mu mata muna ciki muna dama farau-farau da tsamiya, ana fitar wa ma'aikata a manyan ƙore. Ni kuma, rawar kai irin ta mai jiran aure, na ware masa tasa daban a sabuwar ƙwarya, na rufe da faifan da na saƙa da hannuna mai ja da kore. Aka fita da su. Manyan ƙoren suka dawo a bushe, tawa ta dawo yadda na aika ta. Na sake aikawa da hantsi, ta sake dawowa. Akwai wata 'yar kafa a katangar madafa, ta nan nake leƙensa. Na ji Baba ya ɗaga murya ya ce, "Sauko ka jiƙa maƙoshi mana." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Alhamdu lillahi Baba, na ƙoshi." Aka yi dariya, wani ya ce kunyar surukai ce, a ƙyale shi. Ni dai raina ya ɓaci, na ɗauka raina hannuna ya yi. Da ƙwaryar ta kuma dawowa gab da azahar, na dangwarar da ita gaban Iya na ce, "Ga shi nan, ke kya sha, mai abin ya fi ƙarfinsa."

Iya ta buɗe faifan ta duba, ta ɗago ta dube ni. Ta ce, "Tun safe?" Na ce tun safe. Ta ce, "Ɗazu da kika leƙa, rigarsa a jiƙe take?" Na ce sharkaf, har ta manne masa a baya. Ta ce, "Koma ki duba yanzu." Na leƙa na dawo na ce ta bushe, har gishiri ya fito mata fari-fari. Ban rufe baki ba ta yunƙura tana salati, tana cewa a sauko da shi, a sauko da shi yanzu.

Ba ta kai ƙofa ba muka ji shi. Mutumin da ko sunana bai taɓa faɗa da ƙarfi ba, sai ga shi a kan soro yana ƙwala mini kira a gaban mahaifina, yana dariya, yana cewa in kawo masa zare an bar rigar sarki a rana. Aka jefa masa curi bai cafe ba. Ya yi taga-taga ya zube, Allah ya sa zanko ya tare shi bai faɗo ƙasa ba. Maza suka hau suka sauko da shi ta tsani, suka shimfiɗe shi a zaure.

Ranar babu zancen kulle, duk muka fito. Na taɓa ganin zazzaɓi iri-iri, ban taɓa ganin irin wannan ba. Jikinsa kamar kaskon tuya, kuma a bushe ƙayau, babu ɗigon gumi. Leɓe ya tsage, ido ya juye, numfashi sama-sama. Iya ta ce a cire masa riga a kawo ruwa. Ana cikin kiciniyar cire rigar uwarsa ta faɗo zauren, don labari ya riga ya kai mata. Ba mayafin kirki a kanta, bargo a kafaɗa, kaskon garwashi a hannu da ƙullin tazargade.

"Kada wanda ya taɓa mini ɗa!" in ji ta. "Me kuka ba shi?"

Baba ya ce, "Haba, wane irin me muka ba shi? Abin da kowa ya sha aka kai masa."

Sai wata maƙwabciyarmu, Allah ya jiƙanta ba don halinta ba, ta ce a hankali yadda kowa zai ji, "Ai shi har ƙwaryarsa daban." Uwar ta waiwaya. Ta ce, "Daban? To. Ruwa ba ya tsami banza. Da ya faɗi, sunan wa ya kira?" Idanu suka dawo kaina. Ban san lokacin da na ruga na ɗauko ƙwaryar na dire a gabanta ba. Na ce, "Gwaggo, ga ta, wallahi ko kurɓa bai yi ba. Dubi, cike take."

Ta duba. Na zaci hankalinta zai kwanta, ashe na ƙara wa wuta itace ne. Ta ce, "Na san bai sha ba. Ni na sa ya yi mini alkawari ko kurkurar baki kada ya yi da ruwan gidan nan sai an ɗaura. Ɗana ba ya saɓa mini. To tunda bai sha ba, ta ina kuka bi?" Ta warware bargon ta lulluɓe shi har ka, ta jawo kaskon kusa da fuskarsa ta barbaɗa tazargade, wai hayaƙi ya kori abin da aka turo, zufa ta fitar da sauran.

Iya ta ce, "Ke 'yar nan, wutar da ke jikinsa ba ta ishe ki ba sai kin ƙara masa wata? Ba jifa ba ne, rana ce. Ruwan jikinsa ne ya ƙare. Na ga ƙarti sun mutu a haka a hanyar arewa, ina tsaye. In ba a sanyaya shi yanzu ba, ba zai ga la'asar ba."

Uwar ta ce, "Ai dole ki san ko mene ne." Ta sa wani ya ruga gidanta ya ɗebo ruwan randarta. Gidan da nisa, kuma a shekarar rijiyoyin lungunmu duk sun ƙafe sai tamu, duk ruwan da ke maƙwabta daga gidanmu aka ja shi, ita ma ta sani. Sannan ta ɗaga yatsa sama ta ce, "Na rantse da wanda raina ke hannunsa, aka ɗiga masa ruwan gidan nan, babu aure. Ko bayan raina ban yafe ba."

Maza suka tsaya cirko-cirko. Wa zai taɓa ɗan mace a kan rantsuwarta? Baba ya sunkuyar da kai, surukuta ta ɗaure masa baki. Ƙarƙashin bargon kuwa ƙafafunsa sun fara karkarwa, wani irin gurnani na fita. Iya ba ta iya ɗaga tulu, hannunta ɗaya ya daɗe da mutuwa. Sai ta dube ni, ta dubi tulun da ke jingine a bakin ƙofa. Na fahimci abin da take nufi, na kuma fahimci abin da zai biyo baya, kada wani ya ce yarinta ce ta sa ban sani ba. Na sani sarai. Na fizge bargon na yar, na shure kaskon, na ɗauki tulun na juye masa tun daga ka har ƙafa.

Marin da ta yi mini sai da na ga wuta. Mata suka rirriƙe ta tana kururuwa tana tsine mini. Da aka ga mai afkuwa ta afku, sai kowa ya samu hannu. Iya na daga zaune tana ba da umarni. A jawo shi bakin ƙofa inda iska ke shigowa. A kwantar da shi ta gefe kada ya shaƙe. A jiƙa zannuwa a sa masa a wuya da hammata da matsematsi, in sun ɗumama a sake. A yi ta fifita kada a tsaya. Wani ya kawo moɗa zai ɗura masa a baki, ta daka masa tsawa, ta ce ba a ba wanda bai san inda yake ba ruwa, sai ya tafi huhu. Guga ba ta huta ba, zaure ya zama taɓo. Ni ina fifita da faifan nan mai ja da kore, kuncina na zafi, ina kuka ina yi.

Aka yi kiran la'asar bai motsa ba. Can sai Iya ta ɗora tafin hannu a ƙirjinsa ta daɗe, ta ce wutar ta fara sauka. Jim kaɗan ya buɗe ido, ya dubi azarar zaure, ya dubi mutane, ya ga Baba a kansa shi kuma ba riga, sai ya kama lalube yana neman abin rufe jiki. Iya ta ce, "Madalla, kunya ta dawo, hankali ya dawo." Ta sa aka jefa ɗan gishiri a ruwa da ɗan zuma, aka tallafo kansa, ana ba shi da ludayi kaɗan-kaɗan. Na farko ya dawo da shi. Ta ce a dakata, a sake, kada a gaji. A haka har ya riƙe, har ya iya zama da kansa. A lokacin ne wanda aka aika ya iso da ruwan gidansu, rabi ya zube a hanya. Abin da masu rediyo ke faɗa yanzu duk bazara ke nan, inuwa, a sanyaya jiki, ruwan gishiri da sukari, a garzaya asibiti. A nan kaɗai ba na zarginsu, don na gani da idona.

Zaure ya cika da hamdala. Ni kuma a wautata ina satar kallon uwarsa, ina jira in ga ta sunkuyar da kai. Ban ma so ta ba ni haƙuri ba, babba ce, ta dai dube ni da ido mai sanyi ya ishe ni. Ta tsuguna ta shafa kan ɗanta, ta taɓa wuyansa ta ji ya yi sanyi, hawaye na zuba mata. Sannan ta miƙe ta gyara ɗaurin zanenta, ta dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya ta ce, "To, kun dai gani da idonku. Wanda ya ɗaure, shi ke kwancewa."

Abin da ya biyo baya ya fi marin ciwo. Na ga wasu sun dubi juna, na ga wata ta gyaɗa kai.

Kafin ruwan farko ya sauka an aiko an kwashe kayan sa rana. Shi ya turo abokinsa ya ce mini ya san gaskiya, amma ba zai iya tsallake rantsuwar mahaifiyarsa ba. Mutane suka ce ɗan halak ne. Ni na ce to, Allah ya ba shi lada, amma raina bai taɓa daina ɓaci ba, kuma ba zan yi muku ƙaryar ya daina ba. Ya yi aurensa, ya tara iyali, ya ga jikoki har da tattaɓa-kunne kafin Allah ya karɓi abinsa. Ni kuma samarin unguwa suka ɗauke ƙafa kamar an yi shela. Sai daga baya wani mai sayar da hatsi daga unguwar Tukur-Tukur, wanda labarin bai dame shi ba, ya aure ni, muka zauna lafiya har ya rasu na dawo gidan ubana. Da za a mai da ni zauren nan, tulun nan zan sake ɗauka. Amma an cuce ni, kuma ina so a sani.

Kuna tsammanin abin ya mutu da masu shi? Makon jiya da tsakar rana wani ɗan maƙwabta ya biyo ƙwallonsa har tsakar gidana, yana haki, fuska ta yi jawur. Na ce zo nan ɗan albarka, na ɗebo masa ruwa a randa. Ya miƙo hannu biyu zai karɓa ke nan, sai ga kakarsa a bakin ƙofa. Tsarata ce, tana cikin 'yammatan da suka tsaya a zauren nan ranar. Ta yi murmushi ta gaishe ni da kyau, har da tambayar ƙafa. Sannan ta kama hannun yaron ta ce, "Bar shi kawai Hajiya, yanzun nan ya sha."

Ta ja shi suka fita, ni kuwa ina ganin leɓensa a bushe.